Laim, zaren rama ko rezin: da wanne za ka cire dalma da kurom daga dagwalon masana'antarka?

Mai ƙaramin kamfanin fata, ko wurin gyaran batir, ko wurin shafa wa ƙarfe ruwan ƙyalli, in ya tashi tsaftace ruwan da yake zubarwa, shawara iri biyu zai ci karo da ita. Injiniyoyi za su ce ya zuba laim, wato farar ƙasar nan da kamfanonin fata ke cire gashi da ita, ya bar ƙarfen da ke narke a ruwan, irin su dalma da kurom, ya kwanta. 'Yan jami'a kuma su ce ga buntun shinkafa da tuƙar rake da zaren rama nan birjik, a gyara su da sinadari su kama gubar kusan kyauta. Kowane ɓangare da gaskiyarsa, sai dai ba matsala ɗaya suke warwarewa ba. Wanda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya zai kashe kuɗi, gubar kuma ta bi kwata abinta.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Dagwalon unguwannin masana'antu na Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano yana gangarawa kogin Challawa da na Jakara, masu lambu kuma suna ban-ruwa da shi. Ƙarfe ba ya ruɓewa, tafasa ruwa ba ta kashe shi, sai ma ta ƙara masa kauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa ruwan sha kada ya wuce miligram 0.01 na dalma a lita, kadmiyam 0.003, kurom 0.05. Abin da dalma ke yi wa yara kuwa mun gani a Zamfara a 2010, inda aka rasa yara kimanin 400, ko da yake can ta ƙura da ƙasar tsakar gida gubar ta fi shiga.

Abin da za ka auna kafin ka sayi komai

Na farko, wane ƙarfe ne, kuma a wace siga yake. Dalma da kadmiyam da tagulla da tutiya da nikel duk suna yawo a ruwa da caji mai alamar tarawa. Haka ma kurom na uku, wanda kamfanonin fata ke jima da shi. Amma kurom na shida, mai launin rawaya, na masu shafa wa ƙarfe ƙyalli, cajinsa mai alamar ɗebewa ne, kuma yana jawo ciwon daji. Abin da ya kama rukunin farko ba ya kama shi. Majema na gargajiya da ke aiki da bagaruwa ba su da wannan damuwar ta kurom. Tasu ta wari da ruɓaɓɓen nama ce.

Na biyu, yawansa, kuma wannan shi ke yanke rabin hukuncin. A ɗauka kana da lita 1,000 na ruwan wankin batir mai miligram 20 na dalma a kowace lita: gram 20 ke nan. In kowane gram na zarenka, wato rama ko buntu ko tuƙar rake da aka gyara, yana riƙe miligram 20, kilo ɗaya ya isa. To, ragowar ruwan jima da ke fita daga durom yakan ɗauki dubban miligram na kurom a lita, domin fata ba ta shanye duk abin da aka zuba mata. A ɗauka 3,000 ne: kilo uku na kurom ke nan a lita 1,000, wato zare kilo 150, a kowane zubi. Ba mai iya wannan.

Na uku, abin da ke tare da ƙarfen: tsami ko kaifin ruwan, wato pH (ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 kaifi), da gishiri, da mai, da laka. Bayan waɗannan sai kuɗi, da ƙarko, da ko yaran wurinka za su iya aikin ba tare da masanin kimiyya a tsaye a kansu ba, da haɗari ga mai yi, da kuma inda sharar za ta ƙare.

Biyun farko ba a sanin su da ido. Sai ka ɗebi ruwan a kwalbar roba mai tsabta ka kai ɗakin gwajin da ke da na'urar AAS mai auna yawan ƙarfe a ruwa. Sassan kimiyyar sinadarai na manyan jami'o'i sukan yi irin wannan gwaji, a Zariya kuma akwai cibiyar binciken fata ta NILEST da ta sinadarai ta NARICT. Ka kuma duba ƙa'idar da ta shafi sana'arka ta NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Ta masaƙu da kamfanonin fata ta fito a 2009.

Laim

Tsohon hannu ke nan. Ka zuba laim kana motsawa har pH ya hau, ƙarfen ya rikiɗe ya zama laka ya kwanta, ka tsiyaye ruwan sama. Ba abin da ya kai shi arha idan ƙarfen yana da yawa, kuma kamfanin fata dama yana da laim a sito don cire gashi. Kwatami biyu na siminti da takardar gwajin pH sun isa a fara, kuma kwatami ba ya tsufa da wuri.

Inda ake tuntuɓe shi ne kowane ƙarfe da inda yake kwanciya. Kurom na uku wajen pH 8 zuwa 9, dalma da tutiya wajen 9 zuwa 10, kadmiyam da nikel sai an kai 10 zuwa 11. In ka cika hannu ka zarce, kurom da tutiya da dalma su sake narkewa su koma ruwa. Kurom na shida kuwa ko buhu nawa ka zuba ba zai kwanta ba, sai ka fara mayar da shi na uku da sinadarin metabaisalfait ko feros salfet a pH 2 zuwa 3. Laim yana tara laka mai yawa mai wuyar bushewa, kuma da wuya ya kai ka ƙasa sosai. Yakan bar ɗan saura.

Ga masu fata akwai dabarar da ta fi laim: magnesiyam oksaid. Ya fi tsada, amma lakarsa takan daskare ta taru wuri guda, a narkar da ita da salfurik asid a mayar da kurom ɗin durom a sake jima da shi. Sharaɗin shi ne a ware ruwan kurom a kwatarsa daban. Kada a kuskura a haɗa shi da ruwan cire gashi mai salfaid: tsami in ya gamu da salfaid yana tayar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ke kashe mutum a cikin rami kafin a farga.

Me ya sa sai an gyara zaren

Jikin tsiro yawanci selulos ne, wato zaren kansa, da lignin, wato abin da ke manne zaren ya ba shi tauri. A yadda Allah ya yi shi yana ɗan riƙe ƙarfe, amma riƙon sakainar kashi, ga shi yana zubar da launi da ruɓa a cikin ruwan da ake son tsaftacewa. Gyara da sinadari tamkar ɗaura wa zaren ƙugiyoyi ne, kowace da abin da take kamawa: ta kaboksil tana kama ƙarafa masu cajin tarawa, ta amin tana kama kurom na shida, ta farar wuta tana son dalma da kadmiyam da zaiba. Hanyoyi huɗu ne suka fi yawo.

Zaren da aka jiƙa a soda

Sodar nan ce ta masu haɗa sabulu. Gram 20 zuwa 50 a litar ruwa, a jiƙa niƙaƙƙen zare na wasu sa'o'i, a wanke har santsin ya fita, a shanya. Soda tana cinye wani ɓangare na lignin, ta buɗe ƙofofin zaren, ta fito da ƙugiyoyin da dama suke ɓoye. Ba ta ƙara sababbi, shi ya sa ribar matsakaiciya ce. Arha ne, ba ya buƙatar wuta, kowa zai iya da safar hannu ta roba da tabarau. Sai dai zaren yana ramewa, ruwan wankin farko kuma baƙi ne mai kaifi, shi ma sai an kashe masa kaifi kafin a zubar. Ni a ganina wannan sharar fage ce ga hanya ta gaba, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai.

Zaren da aka gasa da sitirik asid

Nan ne ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya ya duba da kyau. Sitirik asid shi ne farin garin nan mai kama da sukari da masu haɗa lemo ke sawa don tsami. Masu bincike na ma'aikatar aikin gona ta Amurka, a cibiyarsu ta New Orleans, su suka yayata wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990 da ɓawon waken suya, daga baya aka gwada ta da totuwar masara, ɓawon gyaɗa, tuƙar rake da sauransu.

Ga yadda take. Ka wanke zaren, ka shanya, ka niƙa shi tsaki-tsaki, ba gari ba. Ka narka kimanin gram 115 na sitirik a kowace litar ruwa, ka jiƙa, wajen lita bakwai ga kilo ɗaya. Ka busar da shi a zafi mara yawa, digiri 50 zuwa 60. Ranar bazara a kan kwano za ta yi maka mafi yawan wannan aikin. Sannan ka gasa a digiri 120 na kimanin minti 90. A wannan gashin ne asid ɗin ke mannewa a jikin selulos da hannu ɗaya, ya bar hannu biyu, wato ƙugiyoyin kaboksil, a sake suna jiran ƙarfe. Riƙonsa kan ninka na ɗanyen zare sau da yawa.

Wurare biyu ake lalata aikin. Ɗaya, zafi: in bai kai ba asid ɗin ba zai manne ba, in ya zarce hannayen da aka bari su ma su manne da juna, zaren ya yi ja ya fara ƙonewa. Don haka tanda mai ma'aunin zafi dole ce, murhun gawayi ba zai yi ba. Na biyu, wanki bayan gashi. Sitirik ɗin da bai manne ba, in ya saura, shi ma yana kama ƙarfe, amma a narke, ya fice da shi ta cikin matatar. Sai a wanke, a sake wankewa, har takardar pH ta daina nuna tsami.

Kuɗinsa ba kyauta ba ne kamar yadda ake faɗa. Lissafin sama ya nuna kilo ɗaya na zare yana shan kusan gram 800 na sitirik, kuma daga waje ake shigo da shi, galibi daga China, farashinsa yana bin dala. Za ka rage asara in ka tara ruwan wankin farko ka jiƙa wani zaren da shi. Yana aiki a pH 4.5 zuwa 6. A ƙasa da 3 sai ya saki abin da ya kama, wanda ke nufin ruwan batir sai an rage masa tsami tukuna. Wannan raunin kuma shi ne hanyar sabunta shi: ka bi shi da haidurokulorik asid mai rauni, ƙarfen ya fito a ɗan ruwa kaɗan, ka wanke ka mayar. Ga mai dalma, kada ya yi wannan da salfurik, don dalmar za ta daskare a cikin zaren. Kowane zagaye yana rage masa ƙarfi, ruwa mai kaifi sosai yana tsinke masa ƙugiyoyi, in kuma ya daɗe a jiƙe ba a amfani da shi sai fumfuna.

Wane zare? Rama tana da dogon zare mai barin ruwa ya wuce, amma tana da kasuwarta wajen masu igiya. Totuwa da ɓawon gyaɗa suna niƙuwa yadda ake so. Buntun shinkafa ya fi kowa jure jiƙa saboda kusan kashi 20 cikin 100 nasa silika ne, amma saboda hakan wurin mannewar ya ragu. Tuƙar rake sai an wanke zaƙin tas, in ba haka ba ta yi tsami a durom.

Zare mai amin

Wannan na kurom na shida ne. A pH 2 zuwa 3 amin yana ɗaukar cajin tarawa ya janyo shi. Yana aiki sosai, amma haɗa shi aikin ɗakin gwaji ne: sinadaran da ake ɗaure amin da su, irin su efikulorohaidirin, ana zarginsu da jawo ciwon daji, suna da tsada, ba a kuma samun su a kasuwar gari. Akwai wata yaudara da ya kamata a sani. A ruwa mai tsami zaren kansa yakan mayar da wani ɓangare na kurom na shida zuwa na uku. Rawayan ya ɓace, mutum ya ɗauka ya gama, alhali kurom yana nan a ruwan. Sai gwajin jimillar kurom ke tona wannan.

Zare mai zantet

Ana haɗa zare da soda da sinadarin kabon daisalfaid, su ɗaura masa ƙugiyar farar wuta da ake kira zantet. Tun shekarun 1970 aka san ƙarfinsa, kuma yana sauke dalma da kadmiyam da zaiba ƙasa ƙwarai. Duk da haka ba na ba kowa shawarar yin sa a wajen ɗakin gwaji mai na'urar zuƙe iska. Kabon daisalfaid yana tafasa a digiri 46, zafin Afrilu a Kano kuwa yakan haura 40 a inuwa. Yana kama wuta nan take, tururinsa yana lalata jijiyoyi. Zaren da aka gama kuma ba ya ajiyuwa, in ya gamu da tsami ya sake fitar da iskar. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Rezin da gawayin kanti

Rezin ƙananan duwatsun roba ne da kamfani ya riga ya ɗaura wa ƙugiyoyi. Kuɗin farko da nauyi, amma yana shekaru, ana sabunta shi sau ba adadi, abin da aka rubuta a takardarsa kuma shi za ka samu. Akwai nau'in da ke zaɓar dalma ko nikel ya ƙyale kalsiyam, abin da zare ba ya iyawa sosai. Mai da laka suna kashe shi, don haka sai an tace ruwan tukuna. Gawayin da aka sarrafa a masana'anta ya fi ƙwarewa a kan launi da wari. A kan ƙarfe matsakaici ne. Na'urar tace ruwa mai matsi kuwa tana son wutar da ba ta ɗaukewa, ruwan fata kuma toshe ta zai yi.

| Hanya | Abin da ta fi kamawa | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Laim | Ƙarfe mai yawa, ban da kurom na shida | Kaɗan | Kwatami na shekaru | Mai sauƙi, in ana duba pH | Tarin laka, iskar salfaid |
| Zare da soda | Ɗan sauran dalma, tagulla | Kaɗan | Gajere | Mai sauƙi | Ƙunar fata da ido |
| Zare da sitirik | Dalma, kadmiyam, tagulla, tutiya | Matsakaici | 'Yan zagaye | Sai da tanda mai ma'auni | Rashin wanki, fumfuna |
| Zare mai amin | Kurom na shida | Mai yawa | Matsakaici | Ɗakin gwaji | Sinadaran haɗi |
| Zantet | Dalma, kadmiyam, zaiba | Matsakaici | Ba ya ajiyuwa | Ɗakin gwaji | Gobara, gubar iska |
| Rezin | Ya danganta da nau'i | Mai yawa da farko | Shekaru | Mai sauƙi bayan girkawa | Toshewa da mai ko laka |

Alƙaluman da za ka gani a takardun bincike, na cewa gram ɗaya ya riƙe kaza, yawanci da ruwa mai tsabta da ƙarfe guda aka same su, a cikin kwalba ana girgizawa. Ruwan kamfanin fata cike yake da gishirin da aka adana fatu da shi da kalsiyam na laim, dukkansu suna rububin ƙugiya ɗaya da ƙarfen da kake nema. Ka yi lissafi da ƙasa da abin da aka rubuta, ka gwada da ruwanka a ƙaramin bututu kafin ka cika durom. In ka tashi girkawa, ka jera durom biyu, ruwa ya bi na farko ya shiga na biyu, ka riƙa gwada tsakaninsu. Ranar da ƙarfe ya fara fitowa daga na farko, na biyu ya tare maka har ka canja.

Inda sharar za ta

Duk hanyoyin nan ba mai ɓatar da ƙarfe, wuri kawai suke sauya masa. Zaren da ya ƙoshi da ƙarfe, da kuma lakar laim, duk shara ce mai guba. Kada a ƙona: dalma da kadmiyam da zaiba suna bin hayaƙi, kurom na uku kuma in ya ƙone tare da laim yana iya komawa na shida. Kada a bar shi inda mai kiwon kaji zai kwashe buntun ya shimfiɗa, ko mai tuya ta hura wuta da totuwar, ko a kai gona a matsayin taki. A busar a inuwa mai rufi, a cuɗa da siminti ya daskare, ko a rufe a durom a rubuta abin da ke ciki, a nemi hukumar muhalli ta jiha kan inda za a kai.

To, wanne ne naka?

In kamfanin fata kake da shi, fara da ware kwatar kurom, ka kwantar da shi da magnesiyam oksaid ka mayar durom, ko da laim in ba hali. Zare sai dai a ƙarshe, don ɗan abin da ya saura, shi ma bayan gwaji.

In gyaran batir kake yi ko narka dalma, ka tara ruwan wanki a durom, ka kashe tsaminsa da laim, ka bar shi ya kwana, ka tsiyaye, ka daidaita pH wajen 5 zuwa 6, sannan ya bi ta zaren sitirik. Wannan ne wurin da zaren ya fi cancanta: ruwa kaɗan, ƙarfe ɗaya, gishiri ba yawa.

In ruwanka rawaya ne na kurom na shida, metabaisalfait sannan laim ya fi maka sauƙi da aminci a kan zare mai amin.

In ruwanka yana gudu dare da rana, kuma mai saye daga waje yana neman takardar gwaji, sayi rezin. Rashin tabbas na zaren da kowane gashi ke fitowa daban zai fi ci maka kuɗi.

In ɗalibi ne kai mai neman abin bincike, kwatanta ɗanyen zare da na soda da na sitirik a kan ruwan masana'anta na gaske, a cikin bututu, ka ƙirga zagaye nawa yake jurewa. Nan ne giɓin yake. Kachalar da ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru ma abar gwadawa ce.

In kuwa rijiyar gida ce kake zargin dalma ta shiga, kada ka dogara da zaren da aka gasa a gida, don ba za ka san ranar da ya ƙoshi ba. Ka kai ruwan gwaji, iyali su koma shan wani ruwan kafin sakamako ya fito, yara ƙanana kuma a kai su asibiti a duba jininsu.